Komawa Kan Ruwa Bayan Hunturu: Nazarin Ciwon Kafaɗar Wata Matuƙiyar Kwalekwale a Vancouver

Jirgin da mutanensa

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 46, ma'aikaciyar ofis ce a birnin Vancouver da ke gaɓar tekun Pasifik a yammacin Kanada. Shekara shida ke nan tana cikin wata ƙungiyar mata masu tseren kwalekwale mai madogari, kuma a shekaru ukun baya ita ke zama a kujera ta farko, can goshin jirgi. Ba ta taɓa jinyar kafaɗa ba kafin wannan karon.

Wasan daga tsibiran Polinesiya ya fito. A Hawai, jihar tsibirai ta Amurka, tun 1986 doka ta ayyana shi a matsayin wasan ƙungiya na jihar. Babbar gasarsa ta maza, Moloka'i Hoe, an fara ta a 1952, ana ratsa teku kimanin kilomita 66 daga tsibirin Moloka'i zuwa Oahu. Ta mata, Na Wahine O Ke Kai, ta biyo baya a 1979. A can ruwa da ɗumi duk shekara. Da wasan ya bazu zuwa ƙasashen sanyi sai ya tarar da abin da babu shi a gida: watannin da rana ke faɗuwa tun ba a tashi daga aiki ba, ruwa kuma ya yi sanyin da zai iya hallaka wanda ya faɗa ciki.

Jirgin siriri ne, tsawonsa wajen mita 13, faɗinsa kuwa iya mazaunin mutum ɗaya. Irin wanda ake gasar gargajiya da shi ba ya gaza kilo 181. Don kada ya kife, an ɗaura masa wani dogon madogari mai yawo a kan ruwa ta ɓangaren hagu, ana kiransa ama, sanduna biyu ke haɗa shi da jikin jirgin. Mutum shida ke shiga, kowa da filafili ɗaya. Na ɗaya da na uku da na biyar suna tuƙi ta gefe guda, na biyu da na huɗu ta ɗaya gefen, na shida yana riƙe da akalar jirgi daga baya. Bayan bugu 12 zuwa 15 sai mai kira ya ce "hut", kowa ya sauya gefe a bugun da ke biye. Aikin mai kujera ta farko shi ne ya yanka wa kowa saurin bugu, sauran su bi shi. Idan aka haɗa jirgin da mutanen cikinsa, nauyin ya kusa kilo 600.

Oktoba zuwa Fabrairu: hutun hunturu

Ƙungiyar ta ajiye filafilai a tsakiyar Oktoba. A gwajin ƙarshe da suka yi, sun ci kilomita 5 cikin minti 27 da daƙiƙa 10, suna bugu 64 a minti ɗaya. Ba su sake haɗuwa a jirgi ba sai farkon Maris, wato mako 20. Akwai ƙungiyoyin Vancouver da ke fita ko a tsakiyar hunturu, amma waɗannan mata duk ma'aikata ne, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi.

Ita ba ta huta ba. Sau huɗu a mako tana ɗakin motsa jiki, tana jan ƙarfe da hawa na'urar tuƙi ta kan tudu. Ƙarfen da take ja daga sama zuwa ƙirji ya tashi daga kilo 35 zuwa 50. Sauran biyar ɗin kowa da hanyar da ta bi. Biyu sun riƙa zuwa zamiyar ƙanƙara a duwatsun arewacin birnin ranakun Asabar, ɗaya ta yi jinyar mahaifiyarta duk tsawon lokacin, ɗaya ba ta yi komai ba kuma ba ta ɓoye ba. Mai kujera ta huɗu ta bar gari, aka maye gurbinta da wata sabuwa wadda shekararta ɗaya kacal a wasan.

Abin da zama ke yi wa jikin ɗan wasa sananne ne. A binciken da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 kan 'yan wasan juriya da suka daina horo, yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita ya ragu da kashi 7 cikin ɗari a mako uku na farko, ya kai kashi 16 bayan mako takwas. Mata shida ne suka dawo jirgi ɗaya, kowacce jikinta a mataki daban.

Maris: makonni ukun farko

An koma ruwa a Asabar ta farko ta Maris, a False Creek, wani lungun teku mai kwanciyar ruwa da ya kutsa tsakiyar birnin. Sanyin ruwan digiri 7 ne a ma'aunin Selsiyos. Tsarin horo shi ne na bara: Talata da Alhamis da yamma, Asabar da safe. Ranar farko aka yi kilomita 8, ita kuma ta yanka bugu 64, daidai inda aka tsaya a Oktoba.

Tun daga kilomita ta biyu jirgin ya daina sulalewa. Sai ya fizga, ya dakata, ya sake fizga. Mai riƙe da akala, wadda ta girme su duka, ta faɗa wa koci a ranar cewa daga baya tana jin jirgin yana amsa ja sau biyu a kowane bugu. Koci ya ɗauka tsatsar hunturu ce, za ta goge da kanta. Tafin hannun kowa ya yi bororo, domin kantar bara ta riga ta baje.

A fita ta huɗu ciwon ya fara, a gefen kafaɗar dama ta waje. Ya fi tsananta idan tana tuƙi ta gefen hagu, lokacin da hannun dama ne ke sama a kan mariƙin filafili. Da fari sai an gama horo take jinsa. Bayan mako guda ya fara tashinta cikin dare idan ta juya ta kwanta a kansa, sa rigar sanyi ma ya zama aiki. A ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10, ta kimanta shi 3 a mako na biyu, 6 a mako na uku.

Ƙarshen Maris: dabaru huɗu

Farko ta koma ga maganin kashe zafi. Kwana goma tana shan ibuprofen kafin kowace fita. Ta samu sauƙi a cikin jirgi, da dare kuma ciwon ya dawo fiye da jiya.

Na biyu, ta sauya filafili, daga mai tsawon inci 50 zuwa mai inci 48, bisa shawarar wata abokiyar wasa. Dabarar tana da tushe, domin doguwar filafili na tilasta wa hannun sama ya ɗaga fiye da kima. Ciwon ya ɗan lafa, ya sauko zuwa 5, ya tsaya nan.

Na uku, ta ƙara horo. A tunaninta kafaɗar ba ta gama farkawa daga hunturu ba ne, don haka ta fara fita sau biyu a mako da asuba a ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, ba tare da ta rage zuwa ɗakin motsa jiki ba. Jimilla sai da ta kai horo tara a mako. Ta lura cewa a ƙaramin jirgin da ƙyar take jin ciwon, ko da ta yi awa guda. Ta ɗauki wannan a matsayin shaidar kafaɗar ƙalau take, ba ta faɗa wa kowa ba.

Na huɗu daga koci ya zo. Da ya ga jirgin ya yi nauyi, sai ya shigo da gudun minti ɗaya-ɗaya a kan bugu 70, wai don ya farkar da na tsakiya. A gwajin kilomita 5 na ƙarshen wata suka yi minti 29 da daƙiƙa 40, wato sun yi baya da minti biyu da rabi daga inda suke a Oktoba.

Asabar ta farko ta Afrilu: kifewa

A ranar suka fita fili, zuwa English Bay, kusa da gaɓar Jericho. Iskar yamma na kaɗawa, igiyar ruwa tana dukan jirgin ta ɓangaren ama. A wani sauyin gefe, ita ta riga kira tsallakawa dama, ta uku da ta biyar suka bi ta a rikice, nauyi ya karkata dama daidai lokacin da igiya ta ɗaga ama. Jirgin ya kife, abin da masu wasan ke kira huli.

Ruwan digiri 8 ne. Gordon Giesbrecht, masanin tasirin sanyi a jikin mutum a Jami'ar Manitoba, ya taƙaita abin da ke faruwa da lambobi uku: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa, sai mutum ya yi ƙoƙarin mallakarsa, sannan akwai kimanin minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina biyayya, sannan wajen awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Duk su shidan suna sanye da rigar ceto, kuma ita ce ta riƙe su a wancan minti na farko.

Mayar da jirgi yana da tsari. Mai akala ta ƙirga kawuna, mai kujera ta farko ta tattara filafilai, biyu su hau kan cikin jirgin da ya juyo sama su jawo sandunan, wasu su tura ama daga ƙasa, sannan mafi sauƙin nauyi ta shiga ta fara kwarfe ruwa. Rabon da su gwada wannan tun watan Yulin bara, sabuwar kuma ba ta taɓa yi ba. Sai a yunƙuri na uku jirgin ya juyo. Da aka zo shiga, matar ta kasa ɗaga hannun dama ta kama bakin jirgi, sai da biyu suka tura ta. Minti 11 suka ɗauka kafin ta ƙarshe ta fita daga ruwa. Sun iso gaɓa da kansu, ɗaya tana kakkarwa sosai, amma Allah Ya kiyaye, babu wadda aka kai asibiti.

Afrilu: hutu, likita, bidiyo

Matar ta ajiye komai na mako biyu, ba jirgi ba ƙarfe. Ciwon ya sauko zuwa 2. A tsakanin nan mai kujera ta biyu ta koma gaba, aka aro wata ta cike gurbi. Sabuwar mai yankan bugun ba ta iya wuce 56 a minti ba, amma jirgin ya riƙa tafiya sumul, suka ci kilomita 5 a minti 28 da daƙiƙa 50.

A mako na uku na Afrilu ta dawo kujerarta, ta yanka 62. Minti 40 da fara tuƙi ciwon ya koma 6.

Sai a nan ta je wurin likitar fisiyo. Gwaji ya nuna ciwon yana kama ta ne idan ta ɗaga hannu ta gefe tsakanin digiri 60 zuwa 120, ya sake ta idan ta wuce nan. Hoton sikanin bai nuna yagewa ba. Abin da aka samu shi ne gajiya da kumburin ɗaya daga cikin jijiyoyi huɗu da ke riƙe kan ƙashin hannu a cikin gurbin kafaɗa, ta saman, wadda ke bi ta wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashi. Likitar ta yi mata bayanin cewa tsoka na ƙara ƙarfi cikin 'yan makonni, amma jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi jini kaɗan ke isa gare ta, sai ta yi watanni kafin ta saba da sabon nauyi. Da ta ji labarin ƙaramin jirgin da ba ya tayar da ciwo, sai ta nemi a ɗauko mata bidiyon babban.

Koci ya bi su a jirgin inji ya ɗauka da waya, hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. Da aka rage gudun bidiyon, abu biyu suka bayyana. Filafilinta na shiga ruwa hoto 7 kafin na masu kujera ta uku da ta huɗu, wato ɗan fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sannan hannunta na sama yana haye tsayin kanta a kowane bugu, ƙugunta ba ya juyawa kamar yadda yake a bidiyon bara. Da hannu take ja, irin jan ƙarfen da ta shafe hunturu tana yi.

Mayu zuwa Yuni: sabon tsari

Likitar ba ta hana ta jirgi ba. Ta ba ta ƙa'ida guda: ciwon da bai wuce 3 ba, kuma ya lafa kafin awa 24, ba laifi, wanda ya wuce haka, a rage aiki washegari. Ta ɗora ta a kan atisaye na mako 12. Makonni biyun farko tura hannu a jikin bango ne kawai ba tare da motsi ba. Daga nan aka shiga jan roba mai talewa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, da atisayen tsokokin allon kafaɗa, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. An dakatar da jan ƙarfe daga sama, an dakatar da fitar asuba.

A jirgi kuma koci ya mayar da ita kujera ta biyar. Wannan ya fi komai yi mata ɗaci, kuma duk wanda ya san wasan zai gane dalili: shekara uku tana gaba, babu bayan kowa a idonta sai ruwa, yanzu an ce ta zuba wa kafaɗar wata ido ta bi. Ta amince, amma mako guda ba ta cika magana ba.

An sauko da bugu zuwa 52. An taƙaita kowace fita zuwa minti 45 a ruwan False Creek mai kwanciya, ana ƙara minti 5 duk mako. Rabin lokacin yana tafiya ne a kan daidaita shiga ruwa. Wani lokaci biyu kaɗai ke tuƙi, sauran su saurara. Wani lokaci duka su rufe ido in ban da mai akala, su bi motsin jirgin da ƙarar ruwa. Abin da ake nema shi ne filafilai su tsoma da murya ɗaya. Masu lugude a turmi ɗaya sun san cewa wadda ta fi ƙarfi, idan ta riga 'yan'uwanta sauke taɓarya, ita ce ke ɓata kiɗan. Ita kuma an sa ta riƙa juya ƙugu da gangar jiki, hannun sama kada ya wuce goshi.

Ana ƙara bugu biyu ne kawai idan bidiyon Asabar ya nuna tazarar da ke tsakanin filafilai ba ta wuce hoto 2 ba. Sau biyu aka kasa cika sharaɗin, aka tsaya a inda ake.

Tsarin ya ci musu wani abu. Sun janye daga gasar da suka saba shiga a watan Mayu. Ɗaya daga cikin masu zamiyar ƙanƙarar, wadda ta fi kowa ƙosawa, ta gaji da tafiyar hawainiya ta koma wata ƙungiya. A tsakiyar Yuni, da ruwa ya yi ɗumi, suka kifar da jirgin da gangan sau uku a kusa da gaɓa. A karo na uku minti 4 suka yi kowa ta shige.

Yuli: inda aka kwana

A mako na ƙarshe na Yuni suka yi gwajin kilomita 5 a kan bugu 58, suka gama a minti 27 da daƙiƙa 30. Matar ta koma kujera ta farko a mako na biyu na Yuli. A ƙarshen watan suka yi tseren kilomita 20 ba tare da sauyin matuƙa ba, ta gama ciwon bai wuce 1 ba. Barci ya daidaita tun ƙarshen Mayu. Abin da ya rage shi ne ɗan tsinke da take ji idan ta ɗaga kaya mai nauyi sama da kai, kuma tana ci gaba da atisayen robar sau uku a mako.

Hukunci

Kowa ya zaci matsalar dawowa daga hunturu rauni ce, shi ya sa duk maganin farko ƙarin ƙarfi ne: ƙarin horo, ƙarin sauri. Amma wadda ta ji ciwon ita ce wadda ta fi kowa ƙarfi a jirgin. Ta dawo da tsokar da za ta iya bugu 64, sauran sun dawo da numfashin da bai wuce 56 ba. A kowane bugu, na ɗan ƙiftawar ido, filafilinta kaɗai ke cikin ruwa yana jan kilo 600. A bugu 60 a minti, awa ɗaya bugu 3,600 ne, rabinsu hannun dama na sama, a ɗage fiye da kai, daidai kusurwar da ke matse wannan jijiyar. Ba abin mamaki ba ne da fita huɗu suka isa.

Shaidu uku sun nuna hakan tun kafin bidiyo: maganar mai akala a ranar farko, ƙaramin jirgin da ba ya tayar da ciwo domin babu nauyin kowa a cikinsa sai nata, da kuma gudun da jirgin ya ƙara a makonnin da aka tuƙa shi a bugu 56. Kowace shaida tana hannun mutum daban, babu wanda ya haɗa su. A ganina wannan ya fi ciwon kansa muhimmanci, kuma rabon koci a ciki ya fi na kowa, domin shi aka fara faɗa wa.

Maganin kashe zafi ya toshe ƙararrawar da ke gargaɗinta, ya ba ta damar ƙara kwana goma na ɓarna. Gajeriyar filafili ta taɓa rabin matsalar, shi ya sa ta kawo ɗan sauƙi. Hutun mako biyu ya kwantar da kumburi, amma zama ba ya ƙara wa jijiya juriya, kuma ta koma ta tarar da jirgin yadda ta bar shi. Abin da ya yi aiki ya haɗa biyu ne a lokaci guda: an riƙa ɗora wa jijiyar nauyi daidai gwargwado, an kuma sauke mata nauyin da ba nata ba. Da atisayen likita kaɗai aka yi ta ci gaba da riga kowa shiga ruwa, da abin da ya faru a mako na uku na Afrilu ne zai maimaita kansa.

Fitar da aka yi zuwa English Bay a farkon Afrilu kuwa ba ta da uzuri. Ƙungiyar da bugunta bai daidaita ba, da sabuwar matuƙiya, da wata tara ba a gwada mayar da jirgi ba, ba ta da abin yi a buɗaɗɗen ruwa mai digiri 8. Minti 11 ya kai iyakar da hannu ke iya aiki a irin wannan sanyi, kuma rayukan mata shida ne a ciki.

Ƙungiyar ta rubuta sauye-sauye uku don hunturu mai zuwa. Za su riƙa haɗuwa a jirgi sau ɗaya duk mako biyu, Asabar da rana tsaka, a cikin False Creek kawai. Makonni huɗun farko na Maris bugu ba zai wuce 54 ba, ko wa ke zaune a gaba. Sannan ba za a fita fili ba sai kowace matuƙiya ta yi atisayen kifewa a tafkin ninƙaya na cikin gida a watan Fabrairu.